Aljihun Kujerar Gaba

Litinin, bayan la'asar

Sun riƙe Yaya. Motar ma sun riƙe ta.

Da safe ina cikin ɓare soson wata tsohuwar kujera Mai Faci, maƙwabcina mai facin taya, ya leƙo rumfata, waya a hannunsa, ya ce, "Auta, ajiye almakashin nan." Na ce lafiya? Ya ce, "Jirginku ya sauka inda babu fili." Jirgi suke kiran Yaya a bakin titi saboda gudu. Na ɗauka hatsari ne. Lokacin kai yara makaranta ne, motar cike take da 'ya'yan mutane, ga kuma 'yarsa a kujerar gaba. Shekararta bakwai. Ni na sa mata 'Yar Gaba, don ko kuka za a yi ba ta zama a baya.

Ba hatsari ba ne. Shingen 'yan sanda ne, na bayan gada, wanda kullum ta nan yake bi. An ce sun ɗaga masa hannu, ya hau gangar da suke tare hanya da ita, ya ja ta a kwalta har ya wuce su da nisa sannan ya tsaya. An ce da suka iso taga dariya yake yi.

Yara duk lafiya. Iyaye sun je sun kwashe nasu. Anti, matar Yaya, ta ɗauko 'Yar Gaba.

Akwai wani abu kuma da suka samu a motar. Ba yau zan rubuta shi ba.

Talata, da hantsi

Ni da Kawu muka kai abinci caji ofis.

Tun kafin in ga Yaya na ga aikina. Sun kwance kujerar gaba daga motar, sun jingine ta a bango kusa da kanta, an liƙa mata takarda. Baƙar leda, jan zare a gefe, ɗinki biyu a jere. Watan jiya na yi ta. Wani sajan mai furfura a gashin baki ya ga ina kallonta, ya ce, "Ka san ta ne?" Na ce, "Yallaɓai, ni na ɗinka." Ya ce, "Aiki ya yi kyau." Wallahi sai da na ji daɗi. Dubi irin zuciyar mutum.

Ya ce za su neme ni in ba da bayani, in ajiye lambata. Kawu ya taka min ƙafa, amma na riga na faɗa.

Yaya ya fito ba takalmi. Abin da na fara lura da shi idonsa ne. Fari. Na manta haka idonsa yake. Ya ce, "Umma fa?" Na ce tana gaishe ka. Bai tambayi kowa ba bayan ita.

Laraba, da yamma

Mai Faci ba ya zagaye. Yana buga taya ya ce, "Wiwi dai kowa ya sani, ko makaho ya bi ta bayan motar nan ya san ba turaren wuta ba ne. Amma bindiga, Auta? A motar 'yan makaranta?"

To, ga shi na rubuta sau ɗaya. Ba zan sake ba.

Gaskiya ya faɗa, kowa ya sani. A gida ma mun sani, sunaye dai muke sa masa. Umma ta ce hayaƙin hanya ne ke sa idonsa ya yi ja. Anti takan wanke rigunansa daban. Ni kuma idan ya kawo motar gyara nakan samu ƙwayoyin ganyen a lungun kujera, da guntayen farar takarda, da kwalbar maganin ɗigawa a ido, in share in zuba a shara, in ce sannu da aiki, Yaya.

Wata mata ma'aikaciyar asibiti ta zo gida ɗazu, yaranta biyu yake kaiwa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa Umma, "Ɗana ya daɗe yana ce min motar tana rawa. Na ɗauka wasan yara ne." Umma ta ce, "Ƙaddara ce." Matar ta ce, "Ba ƙaddara ce ta naɗa masa ba, Hajiya." Ta sa takalminta ta tafi.

Alhamis, da safe

Ba beli.

Juma'a, bayan azahar

Wani abu yana ci na, kuma ba wanda zan tambaya.

Aljihun nan ni na yi shi. Yaya ya ce yana son wurin takardun mota inda ruwa ba ya kaiwa, hannun yara ma ba ya kaiwa. Na fasa gefen kujerar ta ƙasa, ɓangaren giyar mota, na sa leda a ciki, na bi da soso mai laushi, na ɓoye zif ɗin ƙarƙashin naɗin ɗinki. Ko ni da na yi, sai na laluba da yatsa nake samun kansa. Har kiran Mai Faci na yi na ce ya nemo, ya zagaya kujerar yana shafa ta kamar mai sayen rago, ya kasa.

Ta yaya ɗan sanda a bakin titi, da yara suna kuka, ya same shi?

Kuma ba yanka suka yi ba. Na duba ranar Talata. Zuge zif ɗin aka yi, a hankali, har ƙarshe.

Asabar, da magariba

Yau a farantin Baba aka zuba min abinci. Tun rasuwarsa Yaya ne ke ci a ciki. Nama ya yi yawa. Umma ta zauna kusa da ni tana min fifita, ta ce, "Ci, Autana. Kai dai tun kana ciki ba ka taɓa wahalar da ni ba."

Na sunkuyar da kai na ci.

Anti ba ta fito ba. Da in na shigo sai ta ce, "Ƙaramin maigida ya dawo, a kawo ruwa," in ce a hutar da ni, mata ɗaya ma ban samu ba. Tun Litinin ban ji wannan ba. 'Yar Gaba ma ba ta fito ba. An ce zazzaɓi.

Lahadi, da hantsi

Kawu ya zo rumfa, alhali ya san ba na buɗewa Lahadi. Shi ya ce in buɗe. Ya zauna a kan kujerar wani da ban gama ba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce ya ga lauya. Lauya ya ce maganar shan abin a kan sitiyari mai sauƙi ce, tara ce da jan kunne, wataƙila su riƙe lasin tuƙinsa na ɗan lokaci. Ɗaya maganar ce mai nauyi, musamman da yake an taɓa kama Yaya can baya. Shekaru ne, ba watanni ba. Sai dai in ba nasa ba ne.

Na ce to na wa ne?

Ya ce, "Motar nan ta kwana biyu a rumfarka watan jiya."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Kuma ku masu kujera tsofaffin kujeru kuke saya a wajen 'yan gwangwan. Ba abin da ba ku tsinta a ciki."

Wannan ma haka ne. Na tsinci 'yan kunne, na tsinci haƙorin roba, na taɓa tsintar ɓera da 'ya'yansa.

Ya ce, "Mutum zai iya tsintar abu, tsoro ya kama shi, ya tura shi wani wuri da niyyar kai wa hukuma, ya manta. Mutumin da ba a taɓa kama shi ko da satar kallo ba. Alƙali ma ɗan Adam ne."

Ya mayar da hula. Ya ce, "Ni ban ce ka yi komai ba. Yayanka dai mata gare shi da 'ya'ya biyu. Kai kuwa, Allah ya sa ba ka da nauyin kowa tukuna."

Litinin, da yamma

Na ɗinka. Na ci. A farantin Baba dai.

Talata, bayan la'asar

Keken nan da nake ɗinki da shi Yaya ne ya ɗauko shi a ka daga tasha har nan, don kada a kwance shi a mota ya lalace. Ranar gumi har cikin takalminsa. Ya dire shi ya ce, "Ga gonarka." Lokacin bai fara shan komai ba. Lokacin da Baba ya rasu shi ya bar makaranta, ni aka bar ni na ƙara shekara biyu, kaina ne dai bai ɗauka ba.

Duk wannan ba wanda ya tuna min. Ni na tuna wa kaina. Da sun faɗa da ya fi sauƙi.

Sajan ya kira. Alhamis ta sama, da safe.

Laraba, da safe

Umma ta faɗa da bakinta.

Ina ɗaura takalmi ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta kalle ni ba, bango take kallo. Ta ce, "Shi ba zai iya ba, Auta. Ka san shi, ɗaki ma in an rufe ƙofa ba ya iya zama. Kai Allah ya ba ka haƙuri." Ta ce, "Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne. Ba ta taɓa ba. Ba a roƙona, ana dai ajiye abu kusa da ni in ɗauka.

Na ce to, Umma.

Alhamis, bayan azahar

Kawu yana koya min karatu. Yana zama sajan, ni ina zama ni.

"A ina ka same shi?" A cikin kujerar wata tsohuwar mota. "Wace rana?" Ban riƙe ba. "Me ya hana ka kawo mana?" Tsoro. "Yayanka ya sani?" Bai sani ba.

Ya ce ina saurin amsa na ƙarshen, in ɗan ja numfashi. Ya ce kada in ce komai a kan kamanninsa sai baƙi ne da nauyi, tunda ban taɓa ganinsa ba. Muka sake. Muka sake. A karo na ƙarshe har ni na fara ganin kujerar da ba ta taɓa zuwa rumfata ba, ruwan toka ce, sifirin ɗinta ya karye ta hagu.

Asabar, da yamma

Ina sallamar ayyukan mutane. Na daina karɓar sabo. Wani mai tasi ya kawo kujerun baya na ce ya kai wani wuri, ya ce ko na yi arziki ne.

Na zuba wa keke mai, na ɗinka masa riga da ragowar leda. Na kai wa Mai Faci makullin rumfa na biyu na ce ya riƙa leƙawa saboda ɗigar rufi.

Ya kalli makullin, bai karɓa ba. Ya ce, "Tafiya za ka yi?" Na ce wataƙila. Ya ce, "Wace ƙasa ce ake zuwa a bar keke a baya?" Na sake miƙa masa makullin. Ya goge hannu a wando ya ce, "Au. Haka suka yanke." Na ce ba wanda ya yanke, ni na ga dama. Ya ce, "Rago ma da ƙafarsa yake zuwa mahauta." Na ce ɗan'uwana ne. Ya ce, "Auta, haƙuri da wauta gidansu ɗaya, ƙofa ce kowa da tasa. Ka duba wacce ka ƙwanƙwasa."

Ya karɓi makullin daga baya. Ya jefa shi cikin bahon da yake gwada tayoyi, ya ce in ina so in sa hannu in ɗauka.

Lahadi

Ruwa aka yini yi. Ban fita ba. Ta bango ina jin jaririn Anti yana kuka, ita kuma 'Yar Gaba ko tari.

Litinin, bayan la'asar

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

Anti ce za ta kai abinci yau, ga goyo, Umma kuma ta je dubiya. Sai ta biyo da 'Yar Gaba ta ajiye min ita a rumfa. Ba ta koma makaranta ba tun ranar. Ta rame, wuyanta ya fito.

Da in ta zo nan ba ta zama. Kwalin zif-zif take zazzagewa, ta jera su a ƙasa, wannan jirgin ƙasa ne, wannan maciji. Na turo mata kwalin da ƙafa. Sai ta mayar da hannuwanta baya ta riƙe su.

Na ci gaba da aiki. Na san yaro da kaza, in ka bi su gudu suke yi.

Can ta ce, "Baffa, kai ma ka ce na takardu ne."

Na ce mene ne?

"Aljihun kujerata. Ranar da ka ɗinka ina nan. Abba ya ce na takardu ne, kai ma ka ce e."

Na ɗage ƙafa daga keke.

Ta ce, "Ɗan sandan yana ta cewa takardu, takardu. Abba yana laluben sama wajen madubi, yana dariya, bai gani ba. Ɗan sandan ya fara fushi. Sai na ce bari in taya shi."

Na ce ke kika buɗe?

"Na san wurin. Yatsana yana shiga." Ta nuna min yatsan. "Ba takarda a ciki. Yana da sanyi. Da hannu biyu na ɗauko, yana da nauyi. Na ɗauka ko takardun suna ƙarƙashinsa. Sai na miƙa wa ɗan sandan ya riƙe min."

Na ce sai me?

"Sai duk suka yi ihu, suka ja baya, suka ɗaga nasu. Ni suke nunawa, Baffa. Yaran baya suna kuka, ɗaya ya yi fitsari. Wani tsoho a cikinsu ya ce kowa ya tsaya, ya zo a hankali ya ce, 'yata, ɗora a cinyarki, cire yatsa, yawwa, cire yatsa."

Na ce Abbanki fa?

"Yana kallon tafin hannunsa."

Na tashi na sha ruwa, ba don ƙishi ba. Na dawo na ce, to daga yau a baya za ki riƙa zama, kin ji, gaba ta manya ce. Na faɗa ne don in ce wani abu.

Ta ce, "Ai ni ma baya nake so, can ƙawayena suke. Mama ce ta ce in zauna gaba in riƙa yi wa Abba hira. In na ga danja ta yi ja in ce ja. In ya yi shiru da yawa in taɓa shi."

Ni na sa mata sunan. Shekara biyu ina tsokanarta da shi, ina cewa hajiya mai son gaba.

Ta ce, "Baffa, ni na sa aka kama shi ko?"

Na ce a'a. Na ce a'a. Ban san sau nawa ba.

Da Anti ta dawo ta kalle ni, ta kalli yarinyar, ta gane. Ta gyara goyo suka tafi.

Talata, da hantsi

Na je ni kaɗai.

Yaya ya yi fes, an kai masa kaya masu guga. Ya kama hannuna ta cikin ƙarfe ya ce, "Kawu ya gaya min. Kai ɗan halak ne, Auta. Ba za ka daɗe ba, wallahi kullum ni zan kawo maka abinci da kaina."

Na ce, Yaya, na wa ne?

Ya ce, "Ajiya ce. Bar wannan."

Na ce a ƙarƙashin yarinya?

Ya ce, "Nan ne ba a bincike. Wa zai ta da yarinya da kayan makaranta?" Ya faɗe shi kamar yana koya min dabarar sana'a. Ya ce, "Da ba ta sa hannu inda ba a aike ta ba, da yanzu ina gida. Uwarta ce ta sangarta ta."

Na ce in ka fito fa?

Fuskarsa ta washe. Ya ce ya riga ya yi magana, akwai mai ba shi wata motar kafin a saki tamu, iyaye kuma mantuwa gare su, wa ke da lokacin kai yaro da kansa. Lasin ba matsala ba ne, da na wani ma ana tuƙi.

Na ce abin da kake sha fa, za ka bari?

Ya yi dariya. Ya ce, "Kai ba direba ba ne. Shi ke tsayar min da hannu. Shekara nawa ina kai yaran nan, ka taɓa jin na kashe ko kaza? Ranar nan ma gangar ce suka matso da ita tsakiya."

Ya ce in gaida Umma. Na tsaya ko zai ƙara wani suna. Ɗan sandan ya ce lokaci ya yi.

Laraba, da magariba

Umma ta wanke min kaya kala biyu, ta ninke a jaka, da sabulu da bargo. Ta sa min albarka har sai da na ji kunya. Kawu ya zo muka yi bitar ƙarshe, ya ce yanzu na iya.

Na ci abincin. Duka na cinye. Allah ya yafe min wannan.

Alhamis, bayan azahar

Na bar jakar a rumfa.

Sajan ya ba ni benci. Kujerar tana nan a jingine, ƙura ta hau jan zaren. Ya ce, "Mai kujera, aljihun nan kai ka yi?" Na ce ni na yi. "Don me?" Na ce don takardu aka ce min. "Abin da ke ciki fa?"

Na ja numfashi, yadda Kawu ya koya min.

Na ce, "Yallaɓai, ban taɓa ganinsa ba. Ba nawa ba ne."

Ya rubuta. Bai yi mamaki ba. Ya karanta min, na sa hannu. Yana rufe biro ya ce, "Yarinyar tana cin abinci?" Sai a lokacin na gane shi ne tsohon da 'Yar Gaba ta faɗa. Na ce kaɗan-kaɗan. Ya ce, "Abin nan da ta ɗauko, da harsashi a bakinsa. Na daɗe a aikin nan, ranar ce kaɗai na je gida na kasa cire takalmi."

Kawu yana jira a ƙarƙashin bishiyar waje. Ya ga na fito da ƙafata, ba wanda ke riƙe da ni. Bai tambaya ba. Ya tofar da yawu gefe ya tare abin hawa.

Alhamis, da magariba

Umma ta ce, "Biyu na haifa. Ɗaya yana kulle, ɗaya shi ya murɗa makullin."

Na durƙusa zan yi magana, na ce Umma, yarinyar nan. Ta ce, "Kada ka sa min jika a baki." Ta shiga ɗaki.

Farantin Baba yana kan kwando a kife.

Asabar

A rumfa nake kwana. Soso ba ya ƙaranci a nan.

Litinin, da yamma

An kai Yaya kotu, an wuce da shi gidan yari kafin a sa rana. Ban shiga ba, a tsallaken titi na tsaya. Da za a sa shi a mota ya hango ni. Na ɗauka zai zage ni. Kallona kawai ya yi, irin kallon ranar da ya dire keke, yana jira in ce wani abu.

Umma ta faɗi a bakin ƙofar kotu. Da na tsallako na kama ta, ta zame hannunta.

Ban sani ba ko daidai na yi. In na rufe ido wani lokaci yatsan 'Yar Gaba nake gani, wani lokaci ƙafar Yaya ba takalmi.

Laraba, da hantsi

Mai Faci ya tsamo makullin daga baho, ya yi tsatsa. Ya ajiye min a kan keke ya ce, "Ka biya ni kuɗin gadi." Na ce Allah ya biya. Ya ce, "Kullum Shi kuke tura wa bashi." Ya aiko min mai tasi ɗin nan da kujerun bayansa.

Na gaida Umma da safe daga bakin ƙofa. Ba ta amsa ba. Gobe ma zan je.

Juma'a, bayan la'asar

An saki motar, ba kujerar gaba, ita tana can a matsayin shaida. Kawu ya sa aka jawo ta aka ajiye a gaban rumfata ba sallama. Rami ne a wurin, ƙusoshi huɗu a tsaye. An ce sayar da ita za a yi. Ba mai saye haka, don haka na fara haɗa wata. Baƙar leda ta ƙare, da ruwan ƙasa nake yi.

Ina cikin yanka na ji an ajiye abu a kan benci. Kwanon abinci ne da murfi. Anti ce, da goyo, 'Yar Gaba a bayanta da kayan makaranta. A ƙafa suka je, a ƙafa suka dawo, takalmansu duk taɓo.

Na ce Umma ta sani? Ta ce, "Ni na dafa."

Ta tsaya tana kallon ramin da ke cikin motar. Ta daɗe. Ta ce, "Kullum in suka fita sai in tsaya a bakin ƙofa har in ji ƙarar dawowarsu. Ni na ɗora ta a nan, Auta. Da hannuna." Na ce ni kuma na ɗinka.

'Yar Gaba ta zagaya sabuwar kujerar, hannuwanta a baya. Ta sunkuya ta leƙa gefen, ɓangaren giya. Ta ce, "Baffa, wannan tana da aljihu?"

Na ce ba ta da shi. Na ce zo ki duba da kanki.

Ta daɗe kafin ta saki hannu ɗaya. Ta bi ɗinkin da yatsa tun daga sama har ƙasa, ta sake bi. Sannan ta hau ta zauna, ƙafafunta suna lilo.

Anti ta share ido da bakin mayafi, ta tura min kwanon. Ta ce, "Ci, ƙaramin maigida, kafin ya huce."

Ba nama a ciki. Na ci.